Mutanen da Kaka Ke Tona wa Asiri

Magabata sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ban isa in yi jayayya da su ba. Sai dai abin da na lura da shi, bayan shekaru masu dama ina zaga bukukuwan ƙauyukanmu, shi ne akwai wani sanin da ba ya samuwa sai miya ta yawaita. Domin a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya zama gidan ɓera, gero bai nuna ba, kowa na lallashin cikinsa da tafasa da rama, mai kyauta da marowaci kamarsu ɗaya, tun da babu mai abin bayarwa balle a gane wanda ya hana. Amma da zarar an fara gasa tumu, an girbe gero an ɗaure shi dami-dami, an cire gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai, iskar hunturu ta soma leƙowa, sai maƙwabta su shiga kiran juna, nan ɗaurin aure, can walimar saukar karatu, samari na shirin kalankuwa, mahauta na ɗaure hannu don dambe, a nan ne halin kowa ke fitowa fili. Na kasa mutanen kashi bakwai, bisa koyi da malaman fiƙihu, waɗanda ba su barin mas'ala sai sun yi mata babi da fasali.

Na farko shi ne ɗan gayyar soɗi. Larabawa suna ce masa Ɗufaili, nisba ga wani mutumin Kufa da ba a yin walima ba tare da shi ba, har ma Haɗibul Bagadadi, babban malamin hadisin nan da ya rasu a 1071, bai ga ƙasƙanci ba ya wallafa littafi sukutum a kan labaransu. Namu na gida bai karanta littafin ba, amma da ya sadu da mawallafin da ya yi masa ta'aliƙi. Daga hayaƙi yake gane gidan da aka yanka zabo. Ba ya sammako, kada a sa shi shimfiɗa tabarma, ba ya kuma makara, kada ya tarar da ƙanzo; daidai buɗe akushi za ka ji sallama mai ƙarfi: "Ashe kuna ciki? Wallahi wucewa nake yi." In aka ce masa bismilla, wadda kowa ya san ta fatar baki ce, sai ya naɗe hannun riga yana faɗin ƙin amsa kiran Musulmi bai halatta ba. Wucewar nan takan kai shi la'asar sakaliya.

Na biyu shi ne mai kukan shekara, wanda da Jahiz na Basra ya riske shi da ya ƙara babi a littafinsa na marowata. Ka ga jakunansa sun kwana bakwai suna jigila daga gona, galibi da duhun asuba, amma in ka ce, "Malam, ina amfanin bana?" sai ya ɓata fuska ya ce, "Kai dai bari, jan-baki da wuta-wuta sun raba mu da wahalarmu." Daga cikin Risalar Ibn Abi Zaid babu abin da ya haddace sai lissafin nisabi: wasaƙi 5, kowane wasaƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4, jimla mudu 1,200, wanda in hatsi ya kai haka ushuri ya wajaba, watau ɗaya bisa goma a gonar da ruwan sama ya shayar. To, wata karama da Allah Ya ba geronsa ita ce, ko damina ta yi kyau ko ta ɓaci, a mudu 1,199 yake tsayawa cak. In kuwa kunya ta tilasta masa kiran maƙwabta, za a kawo fura wadda in ka leƙa ƙwaryar sai ka ga fuskarka har da hula, ludayi ya yi ta yawo a ciki kamar mai neman ɓatacciyar allura.

Na uku kishiyarsa ne, angon kaka. Shi a wurinsa rumbu kurkuku ne, hatsi kuwa fursunan da aka zalunta, wajibi ne a sake shi. A makon da kowa ke kai gero kasuwa, farashi ya faɗi warwas, a nan zai kwashe nasa ya sayar, ya ɗinka babbar riga mai aska takwas, ya sayi keke da rediyo, sa'an nan ya tuna cewa shari'a ta yarje masa har huɗu, alhali uwargida ta shekara biyu da zane ɗaya. Ran biki maroƙa su tono masa kakannin da shi kansa bai taɓa jin labarinsu ba, shi kuwa yana liƙi yana murmushi. In bazara ta yi zafi, aka fara sharar gona, za ka gan shi bayan isha'i da taiki a hammata, ya nufi ƙofar wa? Ƙofar mai kukan shekara, wanda zai ranta masa dami ɗaya a biya biyu da kaka, abin da malamai suka kira riba ba tare da saɓani ba. Ashe mutanen nan biyu, duk da suna zagin juna a dandali, ɗayansu gonar ɗaya ne.

Na huɗu shi ne sarkin da ba ya sauka. Wanda bai san kalankuwa ba, wasa ne da samari da 'yan mata ke yi bayan an kawar da amfanin gona, su naɗa sarkinsu da waziri da alƙali da dogarai, a zamanin Turawa har suka ƙara da Razdan da Di'o, a kafa fada da zana, a yi shari'ar raha, a ci mai laifi tarar goro. 'Yan kwanaki ne a watse, kowa ya koma matsayinsa. Amma akwai yaron da in aka naɗa masa rawanin aro, ko an karɓe rawanin, sarautar na nan a wuyansa: tafiya ta koma ta ƙasaita, magana sai ta hanci, abokai su gaishe shi ya amsa da ɗaga gira. Na taɓa ganin irinsa, sati biyu bayan wasa, ya harɗe a ƙofar gida, sai mahaifiyarsa ta leƙo daga zaure ta ce, "Ranka ya daɗe, in an tashi daga fada, akuya na jiran harawa."

Na biyar gwanin dambe ne na bakin fili. Bai taɓa ɗaure hannu ba, amma babu naushin da za a kai bai ga kuskurensa ba. "Da ni ne, turmin farko zan kashe shi!" In ka saurare shi, Shago ma, ɗan damben da Ɗan Anace ya waƙe, sa'a ya ci da ba su haɗu ba. Ranar da wani shaƙiyyin makaɗi ya juyo da kalangu wajensa, jama'a suka buɗa masa hanya, sai ya dubi rana ya ce subhanallahi, bai yi la'asar ba.

Na shida a cikin gida take, ita ce uwar lissafi. Al'adar mata ce in ƙawarki ta kawo miki gudummawar biki, ran nata ki ninka mata. To, wannan baiwar Allah ba ta san alif ba, amma abin da ke kanta ya fi littafin alƙali tsari. In yarinya ta shigo da kwanon tuwo da miyar taushe daga maƙwabta, kafin ta amsa gaisuwa ta ɗaga murfi ta ƙirga tsokar nama, ta auna da wanda ta aika bara, ta yanke hukunci, babu ɗaukaka ƙara. Ta san wadda ta riƙe mata akushi tun kakar bara waccan, kuma ta yafe mata a baki sau uku.

Na bakwai mai inkari ne, ba malamin kirki nake nufi ba, gardi ne da karatunsa ya tsaya a Ahalari. Kiɗa lahawu ne, dandali majalisar Shaiɗan ce, haka zai yi ta faɗa. Sa'an nan ya ɗauki buzunsa ya zauna a wani wuri da ya auna da kyau, inda sautin ganga ke isowa amma zargi ba ya isowa. In ka dubi ƙasan rigarsa, babban yatsan ƙafa na bin kiɗan daki-daki. Waina kuwa, ya ce ita ba ta yi laifin kome ba.

In mai karatu ya tambaye ni wane kashi nake, sai in ce mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bin walimar da ba a kira shi ba, wai yana nazarin halayen jama'a, ba ya bukatar alƙali ya faɗa masa babinsa. Ban kuma rubuta wannan don a kori kowa ba, gama bikin da babu ɗan soɗi, babu mai cika baki, babu mai ƙirga nama, zaman makoki ne da tuwo. Roƙona uku ne kawai: wanda hatsinsa ya kai nisabi ya fitar da haƙƙin Allah tun a masussuka, wanda ya ga rumbu ya cika ya tuna bazara na nan tafe, wadda kuma akushin maƙwabciya ke ɗakinta ta mayar da shi yau, kada ta mayar da shi wayam.