Dangin Tsohuwar Vespa

Wanda ya sayi Kasea a kasuwar Maraɗi shi kaɗai ya saye ta. Ya biya, ya zuba mai, ya bi ta Tsibiri da Kornaka zuwa Dakoro, daga nan ya yanki rairayi ya nufi Tagriss, ba mai tambayarsa komai sai "nawa ka saya?" Amma wanda Allah ya jarabta da son tsohuwar Vespa, har ya aika Turai a ɗoro masa ita a kwantena, wannan gari ya yi wa sayayya. Tun ba ta iso ba take da dangi, kowa kuma da ta cewa.

Mai abin yawanci ba yaro ba ne. Ko tsohon mushe ne da ya ajiye alli, ko ɗan kasuwa da ya tara ɗan abin da ya tara a Agadas. Ciwon ya kama shi tun yana lakwal, ran da ya ga wani ma'aikaci ya shigo gari a kan Vespa, babbar riga fara ƙal ba ɗigon baƙin mai, ƙafafu a jere kan faranti. Abin ya kwanta masa a rai shekara da shekaru, sai waya ta zo ta tayar da shi. A majalisar shayi za ka gan shi yana shafa hotuna, yana ba da tarihin da ba wanda ya nema: kamfanin Piaggio ne ya fara ƙera ta a 1946 a Pontedera ta ƙasar Italiya; wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya ƙaunar babur, shi ya sa ya rufe inji, ya kawar da sarƙa, ya kafa garkuwa a gaba don kada tufa ta ɓaci. Wadda ransa ke so ita ce PX, fitowar 1977. Ka ce masa ina kwana, kafin ya amsa gajiya ya kai ka Italiya.

Sai ƙanen da ke Turai, wanda aka ɗora wa nemowa. Shi bai taɓa riƙe sufana ba, amma muryarsa a saƙon WhatsApp cike take da tabbaci: "Yaya, tana tashi, da kunnena na ji." Bai faɗi a wace shekara ya ji ba. Hotunan da ya turo duk daga gefe guda aka ɗauke su, kuma wannan gefen, a gaskiya, ya yi kyau. Masu harkar a can suna yawo da maganaɗisu a aljihu, su manna shi a jikin ƙarfe; inda ya ƙi kamawa, tsatsa ce aka cike da ƙullun gyaran mota aka bi da fenti, aikin da waɗanda ake yi wa kwaskwarima a Biyetnam suka yi suna a kai. Ƙanenmu ba shi da maganaɗisu, zumunci gare shi. Ya tura ta tsakanin tsofaffin firji da katifu, ya rufe kwantena, ya ce a sa shi a addu'a.

Mai fito kalmarsa biyu ce: "ana hanya." A da kayan Maraɗi ta Kwatano suke sauka, su haura Malanbil, su ƙetare gada zuwa Gaya. Da aka rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai aka koma Lome, a ratsa Burkina Faso, a jira rakiyar soja ta Kaya da Dori zuwa Tera. Ƴan kasuwa sun ji jiki, amma mai fito ya samu abin da bai taɓa samu ba a sana'arsa, wato uzuri na gaskiya. Idan ta iso, shi ne zai tsaya gaban ma'aikacin duwan suna kallon abin da ya girme su duka biyu, ana neman layin da za a rubuta shi: babur ne, ko tsohon ƙarfe?

Ran da aka sauko da ita daga bayan motar kasuwa, an ɗaure ta da igiya tare da buhunan siminti, bakanike ne ke fara matsowa. Yaron kirki ne, kuma gwani: ba Kasea ko Haojue da za ta gagare shi, yana iya kwance injinta ido rufe. Ya zagaya sau ɗaya, ya tsuguna, ya leƙa ƙasa. Ya sake zagayawa.

"Baba, ina sarƙar?"

"Ba ta da ita."

"An cire a hanya ke nan. Ɓarayin kwantena ba su da imani."

Da ƙyar za a shawo kansa cewa injin yana gefen dama, manne da tayar baya, haka aka halicce ta. Ya ɗaga murfin hagu ya tarar da taya ta uku a ɓoye, ya yi salati. Daga nan girman kai ya motsa, domin bakanike ba ya cewa bai sani ba a gaban yaransa. An gaya masa irin wannan inji ana gauraya masa fetur da man inji na musamman, kashi 2 cikin 100, wato ɗan abin da bai cika rabin kofin shayi ba a lita guda. Shi kuwa a ganinsa rowa ce. Ya tuttula baƙin mai da ido, na mota ma, aka taka kik, hayaƙi ya turnuƙe unguwa har mata suka leƙo ko rumbun wani ne ya kama. Buji ya toshe. Ya cire shi ya goge a gefen wando, ya hura, ya ce laifin man Turai ne da ya saura a tanki. Duk kusoshin da ya kwance yana tara su a gwangwanin tumatir, kuma kullum aka gama ɗaurawa sai an samu ragowar uku. A ƙarshe dai sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a nemo wayar giya da ta kuloci. Abin da zai zo na Indiya ne, domin a da Bajaj da LML sun daɗe suna ƙera irinta a can. Mai abin zai karɓa yana ɓata rai, kamar wanda ya biya sadakin ƴar sarki aka kawo masa ƴar riƙo.

Duk wannan aiki a gaban tsoho mai tarihi ake yin sa, yana kan tabarma, carbi a hannu. Shi ya hau Vespa tun zamanin Kunce, in ji shi. Ya je cin rani Kano a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka faɗo wa ma'aikatan Najeriya, ya ga malaman makaranta da akawuna sun cika titi da ita. Ko ya hau ko an goya shi ne, ba mai iya bincikawa, tsaransa sun ƙare. Magani ɗaya gare shi ga kowace cuta: "Ku karkata ta." Taya ta sace, ku karkata ta. Fitila ta mutu, ku karkata ta. Abin haushin shi ne, ran da ta ƙi tashi aka gaji, aka kwantar da ita gefen inji aka ɗago, mai ya gangara, bugu ɗaya ta kama. Tun daga ranar ba a sake jin kunne ba.

Akwai mai lissafi, wanda bai taɓa ta ba ko da yatsa. Shi tambaya kawai yake, a hankali, yana kallon ƙasa. Kuɗin jirgi rago nawa ke nan? Na duwan fa, damin gero nawa? Tana ɗaukar buhu biyu da akuya ran kasuwa? To mutum uku fa? Idan aka ce a'a, sai ya ce "Allah ya sa alheri," da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Ban cika son zama kusa da shi ba, don yawanci yana da gaskiya.

Ɗan kabu-kabu kuwa roƙonsa a ba shi ya ɗana. Ya hau da tsalle, ya shiga dukan faranti da ƙafar hagu yana neman giya, alhali giyar tana hannun hagu, a matse kuloci a murɗa. Ya murɗa da ƙarfi, ta yi tsalle, ya tsinci kansa cikin dangar maƙwabci. Ya tashi yana kakkaɓe ƙaya, ya yanke hukunci: babur ɗin mata ne.

Mai faci kaɗai ke sa mata albarka, don ƙafarta gida biyu ce, a kwance kusoshi ta rabe, ba sai an yi kokawa da ƙarfe ba.

Uwargida ba ta ce komai ba tun farko, kuma shirun nata ya fi na mai lissafi nauyi. Da watanni suka ja ana jiran kaya daga Kano, sai ta ga ba dalilin barin wuri a banza. Akwatin gaba ya zama ma'ajiyar magi da ashana, madubi ya koma ɗakinta, kaza ta yi ƙwai a kan faranti. Ran da kayan suka iso, sai da maigida ya jira aka ƙyanƙyashe.

Waɗanda suka fi kowa cin moriya su ne yara ƴan turi. An yi Vespa don titin Roma, tayarta inci 10, ta Kasea kuwa 17 ko 18. A kwaltar Dakoro sarauniya ce. A rairayin Tagriss, da ta bar ƙofar gida gaba ya nutse, baya ya shiga haƙa rami, mai abin ya sauke ƙafafun nan da aka ce ba sa taɓa ƙasa, ya kama tattaki da babbar riga. Yaran sun san inda take maƙalewa, can suke jira tun kafin ya fito. Sun tsayar da farashi, kuma ran Juma'a ya fi tsada.

Ango na zuwa aro, ba don hawa ba, don hoto.

Daga ƙarshe sai ga dillali daga Maraɗi, da hula a karkace, ya ji labari. Ya zagaya ta, ya ciro wani ɗan ƙarfe daga aljihu ya manna a gefen da ba a taɓa ɗauka a hoto ba. Ƙarfen ya faɗo ƙasa. Ya ɗauka, ya yi tsaki, ya taya ta da abin da bai kai kuɗin kwantena ba.

"Alhaji, taimakonka zan yi. Akwai wani Bature da ke neman irinta."

"Ina zai kai ta?"

"Italiya."