Kafin Ka Ɗauki Odita, Tambaye Shi Inda Zai Kwana

Duk attajirin da Allah ya buɗa wa har ya mallaki sito a Ƙauran Namoda, shago a Shinkafi, da wurin sayen hatsi a Zurmi, akwai daren da zai zauna bayan isha'i ya buga lissafi a zuci ya ga abin bai haɗu ba. Kaya na fita, yaran shago na ta sauya babura, amma uwar kuɗi tana nan inda take tun bara, in ma ba ta rame ba. A nan ne wani aboki da ya taɓa aikin gwamnati zai ce, "Alhaji, odita za ka ɗauka." Haka abin yake ga ƙungiyar manoma mai rassa, da mai makarantar kuɗi, da mai gidajen mai.

A taswira garuruwan nan uku maƙwabta ne. Daga Ƙaura hanya ta rabu, ɗaya ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi har Isa, ɗaya ta nufi Zurmi ta wuce Jibiya. Sai dai a shekarun nan ba da kilomita ake auna nisan ba, da amsar da direbobin tasha suka ba ka ne idan ka ce, "Yau ya hanya?" Saboda haka mai ɗaukar odita a nan matafiyi yake ɗauka, kuma takardar shaidar akanta ta ICAN ko ANAN, komai kyan hatiminta, ba ta faɗin inda mutum zai kwana da wanda zai kawo masa tuwon dare. Rahoton kuwa yawanci a can ake rubuta shi.

Wanda zai fara kawo takardunsa shi ne oditan waya. Mutum ne mai tsabta, mai ƙamshin turare, yana zaune a Gusau, kuma a Gusau zai ci gaba da zama har a gama aikin. Ranar Litinin zai ce ya kama hanya. Ranar Talata zai kira manajan Zurmi ya ce a ɗauki hoton littafin ciniki shafi-shafi a turo ta WhatsApp. Manaja kuwa ba yaro ba ne: shafin da ke da magana shi ne kullum ke fitowa dishi-dishi, ko babban yatsa ya sauka daidai kan jimla. Ranar Juma'a rahoto ya iso da bango mai sheƙi, a bayansa an maƙala takardar neman kuɗin mai da kuɗin kwana. Ba na ganin laifin wanda ya ji tsoron hanyoyin nan. An rasa rayuka a kansu, masu binsu kullum ma da addu'a suke fita, kuma kowa na ƙoƙarin isa kafin la'asar. Laifinsa karɓar kuɗin kwanan garin da bai san launin ƙofar sitonsa ba. Sana'ar irinsa ta tsaya cak a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara, don ba hoto ba saƙo, sai ƙafa.

Mai bi masa shi ne jarumi. Wannan yana zuwa, kuma ko'ina aka ce ya je zai je. Matsalarsa ɗaya, ciki. Ka lura da jadawalinsa: duk yadda aka tsara, zuwa Shinkafi sai ya faɗo Laraba da yamma, domin Alhamis kasuwa ke ci. Tun daga bakin gari manaja ya tare shi da fara'a, ya karɓi jakarsa da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, ai ba ka kwana masaukin baƙi muna cikin garin ga. Mi za a ce da mu?"

"A'a, Malam Manaja, ƙa'idar aiki ce."

"Wace ƙa'ida ta hana baƙo shan ruwa? Ka huta tukuna, littafi ba shi gudu."

Ruwan da ake nufi fura ce mai sanyi da nonon da aka kawo ɗazu. Bayan magariba tuwon shinkafa ya zo da miyar zabi, an shimfiɗa sabuwar katifa a ɗakin soro, an tayar da janareta saboda fanka. Da safe ga ƙosai da kunu, ga yaron manaja ya wanke motar tas. Ƙarfe goma sha ɗaya aka buɗe littafi. Odita ya ga wani wuri da aka goge da reza aka sake rubutawa, ya ɗaga kai, ya haɗa ido da mutumin da ya yanka masa zabi jiya, ya mayar da kai ƙasa ya juya shafi. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ba wanda ya ba shi cin hanci, shi ma zai iya rantsuwa da Alƙur'ani cewa sisi bai shiga aljihunsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma but ɗin motarsa ba ta rufuwa a dawowa: albasa, shinkafa, kaji biyu a ɗaure, duk "tsaraba ce ta yara". A rahotonsa reshen Shinkafi ya samu yabo na musamman kan tsabtar ofis da kyakkyawar mu'amala da baƙi. Wannan shi ne mafi haɗari a cikinsu, don mutumin kirki ne, kuma kowa na son sa.

Akwai kuma mai koren biro. Tun a aikin gwamnati aka san koren tawada da masu binciken kuɗi, shi kuwa ya ɗauki abin kamar sandar girma, uku ne jere a aljihun gaba. Ba ya cin abincin kowa, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa sai da ka. Zai yi yini guda a kan baucar ruwan leda. Wa ya sha? Ina rasit? Me ya sa kwanan watan ya faɗo Lahadi? Zai sa a nemo mai amalanken da ya kwashe buhuna daga tasha ya tambaye shi takardar shaidar karɓar kuɗi, mai amalanke ya dube shi ya dubi kashiya ya ce, "Wanga bawan Allah lafiya shike?" A ƙarshe zai rubuta wa masinja tuhuma a kan canjin naira ɗari biyu. Motar taki guda da ta taso daga Gusau ba ta taɓa isowa ba kuwa, wannan ta wuce lafiya, domin takardunta sun cika: da sa hannu, da hatimi, da kwafi uku. Ɓarawon da ya san aikinsa ba ya tsoron mai koren biro. Shi ne ma ke fara kawo masa fayil.

Sai yaronmu ɗan boko, wanda ya gama karatun akanta da sakamako mai kyau, wataƙila ma a kwalejin fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura tun 1983. Yana da ilimi, yana da gaskiya, yana da kwamfuta a jakar baya. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda ake binciken littafin da babu shi. Ya isa Zurmi ya ce a kawo masa kundin bashi, wakilin Alhaji ya nuna kansa da yatsa ya ce, "Ga shi nan." Da aka matsa, aka zaro wani littafin makaranta mai shafi arba'in, rabinsa da ajami, rabinsa da wasu alamomi da wakili kaɗai ya san fassararsu: da'ira buhun gero ce, da'ira mai ɗigo buhun da aka ba surukin Alhaji. Yaro ya rasa gidan da zai sa surukin Alhaji a cikin jadawalinsa. Bashi ne? Kyauta ce? Asara ce? Kafin ya yanke shawara batir ya mutu, wuta kuwa an kwana biyu ba a gan ta ba, sai ga mai binciken kuɗi a rumfar mai cajin waya yana gadin kwamfutarsa. Wannan a yi haƙuri da shi, nan da shekara biyar zai zama abin tsoro, in dai bai saba da miyar zabi ba kafin lokacin.

Ɗan gari kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. An ɗauke shi don ya san hanya ya san mutane, kuma ya san su fiye da kima. Kashiyan Ƙaura ɗan ƙanwar babarsa ne, mai riƙe da makullin sito abokin wasansa ne, manajan Zurmi shi ya karɓa masa aure. Zai gano komai cikin awa biyu, ya kuma binne komai kafin azahar, da magana ɗaya: a rufa asiri.

Kada a manta da waɗanda ake zuwa bincika, don su ma gwanaye ne. Labarin zuwan odita yana riga motarsa isa, ko da a ɓoye aka shirya tafiyar. Ranar da ya sauka, mai makulli ya tafi ta'aziyya ƙauye. Fayil ɗin watan da ake nema gara ta ci, kuma gara ce mai ilimi, don ba ta taɓa watan da ke gabansa da wanda ke bayansa ba. Wanda bai samu gara ba ya samu ɗigon rufi a damina. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, an samu uzurin da ya ciyar da mutane shekara guda: kuɗin an tura, "bai dai shigo ba". Mutum ɗaya ne a cikin tafiyar yake jin gaskiya tsagwaronta, shi ne direban odita, wanda ke zaune wurin mai shayi yana sauraron wanda ya sayi fili da wanda ya ƙara aure. Ba a taɓa tambayarsa ba.

Na bar tsoho a ƙarshe don shi ya fi cin lokaci, a aiki da a hira. Ya yi ritaya daga ofishin binciken kuɗi, ya fara aiki tun ana tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara a 1996, kuma ba zai bar ka ka manta da haka ba. Kafin ya buɗe littafi sai ka ji yadda jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, da yadda ake loda gyaɗa da auduga a tasha, da yadda ma'ajin En'e ke rawar jiki idan aka ce mai duba baitulmali na kan rangadi. Yana gyangyaɗi bayan azahar. Kalkuletarsa an ɗaure ta da roba. Motar haya yake shiga, ya zauna gaba, ya biya kuɗin mutum biyu saboda gwiwa. A jakarsa akwai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da buta, kuma yana kwana gidan wani tsohon abokin aikinsa da ba ruwansa da kasuwancin Alhaji. Idan manaja ya aiko da kwano, sai ya sa albarka ya miƙa wa almajirai a gaban ɗan aiken.

Littafi ba ya ɗaukar masa lokaci. Sito yake so. Zai tsaya gaban tarin buhunan da aka jera har rufi, a ce masa ɗari huɗu ne, ya gyaɗa kai, ya zagaya, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, sannan ya ce a kira 'yan dako a sauke layin gaba. A nan fuskar mai sito ke canzawa, don tarin bango huɗu ne kawai, tsakiyarsa fili ne da za a iya shimfiɗa tabarma. Zai soka ƙarfe a buhun ƙasa ya ga ko wake ne ko ƙaiƙayi. A gidan mai da kansa yake zura sandar awo a tanki, da sassafe, kafin kowa ya zo. Ba ya ɗaga murya. Sai dai ya ce, "Ɗana, zo mu ƙirga tare, wataƙila idona ne."

Za ka ce to ai an samu wanda ake nema. An samu, amma ba a cika ɗaukarsa sau biyu ba. Domin bayan ya gama da Shinkafi da Zurmi, yakan dawo Ƙaura ya nemi ganin Alhaji shi kaɗai, ya zauna a kan darduma, ya buɗe wani shafi da ba a sa shi ya buɗe ba. Abin da yara suka ci yana nan, an rubuta, kuma ba kaɗan ba ne. Amma ramin da ya fi girma wani ne: kuɗin da ake aikowa a karɓa da baki. Ranar kaza an ce a ba direba na kujerar Umara. Ranar kaza an ce a kai gidan amarya. Ranar kaza gudummawar ɗan takara, ranar kaza maroƙa a wurin biki. Ba takarda, ba sa hannu, sai "Alhaji ya ce". Kuma tun da yara suka gane cewa "Alhaji ya ce" ba ta da rasit, sai Alhaji ya riƙa faɗin abubuwa da yawa da shi kansa bai ji ba.

Alhaji zai saurara har ƙarshe, ya yi gyaran murya, ya ce, "Baba, Allah shi saka da alheri, aiki ya yi kyau." Ya sa a biya shi hakkinsa cif, har da na mota. Bayan ya fita, ya kira abokin nan da ya ba da shawara tun farko ya ce, "Tsohon ga ya cika bincike. Baɗi a nemo muna wancan mai fara'a, wanda mutanen Shinkafi ke yabo."