Iskar Birkin Baya Ba ta Bori Ba Ce

Ni dai ban san abin da ake ɗora wa laifi a banza kamar iska ba. Ɗauki tsohon babur mai birkin mai, irin mai faifai a tayar baya, ba Boxer ko Jincheng da ake ɗaure wa noti a wuce ba. Da zarar mai shi ya taka birki ya ji ƙafarsa ta lume kamar ya taka nunanniyar gwanda, hukunci ya fito tun ba a durƙusa an duba ba: "Iska ce ta shiga." Sai a ɗora yaron shago a kan babur, oga na tsugune da sufana yana "Taka! Riƙe! Saki!" kamar masu ruƙiyya sun kama aljani mai taurin kai. Birki ya yi tauri, a biya, a yi godiya. Bayan kwana uku ga mutumin nan yana tsayawa da silifas, ya wuce ƙofar gidansu ya je ya gaisa da teburin mai shayi.

Abin da nake cewa shi ne, iska ba ta da mabuɗin birkin kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma ƙafa kaɗai ta isa ta ba da shaida. Idan ka taka ya yi laushi, ka ƙara takawa sau biyu ko uku ya yi tauri, to akwai iska, domin iska na matsuwa, mai ba ya matsuwa. Tambayar ita ce ta ina ta bi, kuma amsar na nan a jiƙe: bakin tiyo, gindin noti, ko robar da ke kewaye da fistan ɗin da ke matse faifai. Idan kuwa ka danne ka riƙe, ƙafar na sauka a hankali, ga mai cike a kofinsa, babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa, to iskar ma ba ta zo ba. Robar cikin masta, wato famfon da ke tura mai, ita ce ta tsufa, mai na zagaye ta yana komawa inda ya fito. Wannan ko an kwana ana "Taka! Riƙe!" sai dai cinyar yaro ta yi ƙwanji. Akwai kuma tsohon tiyo da ke kumbura ya shanye ƙarfin, kamar ɗan aiken da ke cin rabin saƙo a hanya.

Wani zai ce, malam, ai fitar da iskar na aiki, kuma da arha. Yana aiki mana, kamar yadda kwashe ruwa daga ɗaki ke aiki alhali kwano na yoyo. Wani kuma ya ce nasa birkin lafiya lau yake da safe, sai an daɗe ana gangara yake ɓacewa, in ba iska ba mene ne? Ruwa ne. Man birki na DOT 4 yana tsotsar laima. Sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 155 ma ya fara, kuma tururi na matsuwa kamar iska. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2, ba sai ya koma kalar zoɓo ba. Masu cewa ai birkin gaba ne ke yin yawancin aikin, gaskiyarsu, sai dai su gwada cafke shi shi kaɗai a kan yashi da buhun masara a baya.

Saboda haka kafin a kira yaro, a goge komai tas, a danne birki, a bi tiyo da yatsa. Kuma don Allah kada a ƙara da man inji don kofi ya cika: kumbura robobin yake yi, sai an sake su duka.