Ma'aunin da Ba Ya Musu

A Jos, mai wasa da rediyon hira yana da gatan da ɗan'uwansa na Legas ba shi da shi: tun bai sayi waya ko taku ɗaya ba, ƙasa ta riga ta ɗaga masa eriya kusan mita 1,200 sama da teku. Da wannan taƙama na shiga harkar. Na samu lasisi da lambar kira mai farawa da 5N, irin ta 'yan Najeriya, na sayi tsohon rediyon gwanjo mai ƙarfin wat 100. Na yanko wayar tagulla mai tsawon mita 10 da 'yan kai don zangon megahaz 14, na raba ta biyu, gefe guda na ɗaure a mangwaron tsakar gida, ɗayan a ƙusar bangon madafa.

Saura abu ɗaya. Rediyo da kebul ɗinsa an yi su ne su zuba ƙarfinsu a kan om 50. In eriya ta dace da haka, sai ta karɓe duka ta watsa. In ba ta dace ba, wani kaso ya juyo ta cikin kebul, mai tafiya da mai dawowa su gwabza a hanya, ƙarfin ya yi tudu a nan, kwari a can. Rabon tudun da kwarin shi 'yan harkar ke kira SWR. 1 da 1 lafiya lau ke nan. A 2 da 1 kashi 11 cikin ɗari ne ke dawowa, ana iya haƙuri. A 3 da 1 rubu'i ne cur. Rediyon zamani in ya ga haka sai ya rage ƙarfi da kansa, tsoho irin nawa kuwa zafi yake ɗauka har tiransistocinsa su ƙone, kuma da kuɗin dala ake maye su.

Ma'aunin wannan abu ma da dala ake sayensa, don haka na ce ni zan ƙera nawa. Tsarin ba asiri ba ne. Warren Bruene, injiniyan kamfanin Collins na Amurka, ya bayyana shi a mujallar QST tun 1959: ɗan zoben farait a naɗa masa siririyar waya, kebul ya ratsa ta tsakiyarsa, ɗan kafasita mai juyawa, dayod biyu na jamaniyam, ɗaya ya ɗanɗana mai tafiya, ɗaya mai dawowa, sai allura. Allurar na ciro daga wata matacciyar rakoda. Sauran na tsinto ɗai-ɗai tsakanin Dilimi da shagunan da suka bazu kewayen Taminus tun gobarar babbar kasuwa a 2002. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dalmar liƙi. Kashi 60 cikin ɗari nata kuza ce, ga mu a garin da Turawa suka yi shekaru suna kwasar kuza har suka bar mana tafkuna daga Rayfield zuwa Bukuru, amma wadda na saya daga Sin ta zo.

Daren da zan haɗa aka ɗauke wuta. Ban jira ba. Na ɗora ƙarfen liƙi irin na masu gyaran fitila a kan gawayi har ya kusa yin ja, na liƙe komai tsaf a cikin gwangwanin alewa, na jona rediyo da batirin mota. Allurar mai tafiya ta tashi ta cika ma'auni. Na juya makunni zuwa mai dawowa: ko motsi. Na koma megahaz 7, haka. Megahaz 21, haka. Waya guda, kowane zango 1 da 1! Kafin azahar ta washegari har mai shayin unguwarmu ya san cewa na yi eriyar da babu irinta a Filato.

Labari ya kai kunnen wani dattijo a Bukuru, tsohon ma'aikacin gidan waya tun zamanin tangaraho, wanda shi ya koya mini harkar. Ya zo cikin rigar sanyi biyu da hular ulu, don Disamba ce, ya zauna ya ƙare wa gwangwanin kallo.

"Ɗana, kowane zango ka ce?"

"Kowanne, Baba."

"Da wannan wayar?"

"Da ita."

Bai ƙara magana ba. Ya rage ƙarfin rediyon zuwa can ƙasa, ya zare kebul ɗin eriya gaba ɗaya, ya danna maɓalli ya saki da sauri. Allura tana kwance abinta.

"Yanzu babu eriya ko kaɗan," in ji shi. "Duk abin da ya fita ya dawo. Kamata ya yi allurar nan ta daki bango. Wannan ba ma'auni ka ƙera ba, maroƙi ka ƙera. Kome ka yi, sai ya ce ka fi kowa."

Jamaniyam ba ya son zafi, kuma ƙarfen gawayi ya dafa dayod ɗin mai dawowa tun daren farko. Na koma kasuwa. Yaron shago ya miƙo mini wani ɗan gilashi ja-ja, ya ce, "Yallaɓai, ai dayod duk dayod ne." Na liƙa shi, wannan karon da ƙarfen lantarki, ina riƙe ƙafarsa da filaya don ta shanye zafin. Allura ta fara motsi, amma da rowa. Ashe 1N4148 ne, na silikon, wanda ba ya buɗe ƙofa sosai sai ya ga wajen bolt 0.6, alhali jamaniyam da 0.2 ko 0.3 ma ya gamsu. Ƙaramin abin da ke dawowa sai ya maƙale a bakin ƙofa. A ƙarshe a tsibin tsoffin rediyon wani mai gyara na samu 1N60 guda biyu, bayan na sayi gawar rediyo biyu sukutum don ya ƙi sayar da su a ware.

Baba ya ce kada in sake kusantar eriya sai na gwada ma'aunin a kan abin da na san nauyinsa. Wato eriyar bogi: rasista mai om 50 da zai shanye ƙarfi bai watsa ba. Ya hana ni farin rasistan nan mai jikin tangaran, don cikinsa naɗaɗɗiyar waya ce, a megahaz 14 sai ya koma koyil ya yi ƙarya. Na haɗa rasista 20 masu om 1,000 kafaɗa da kafaɗa, suka ba da 50 daidai. Kowanne wat 2 yake ɗauka, jimla 40, rediyo kuwa 100 yake fitarwa. Maganin shi ne a tsoma su cikin mai. Baba ya ce man taransifoma, ko farin man nan na kemis. Dare ya yi, ban da ko ɗaya. A madafa kuwa ga jarkar man gyaɗa da uwargida ta sayo a Farin Gada.

Aikin shi ne ka danne maɓalli, ka riƙa juya ɗan kafasitan nan a hankali har allurar mai dawowa ta kwanta a sifili. Da sukudireban ƙarfe nake juyawa, shi kuma ƙarfen yana shiga lissafin. In na kawo allura sifili na ɗaga hannu, sai ta tashi. In na mayar, ta kwanta. Ina ta wannan kokawa da wat 100 a buɗe, gwangwanin madarar da na cika da mai yana gefe yana nasa aikin. Ƙamshi ne ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa. Autana ya leƙo da kwano a hannu.

"Baba, ƙosai ake yi?"

Uwarsa na biye da shi. Ta dubi gwangwanin, ta dubi jarkarta da ke bayan kujera.

"Malam, me kake soyawa a ɗaki?"

Na ce rasista. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, amma gobe jarka ta koma yadda take, kuma farashin yau za a bi, ba na ranar da ta saya ba.

Da na feƙe tsinken roba na juya da shi, nan take sifili ya zauna. Saura zane a fuskar allura, kuma a nan lissafin yake da daɗi, don ba ya bukatar wani ma'auni. Ka cika allurar mai tafiya, ka sa rasista mai om 75: mai dawowa zai tsaya a kashi ɗaya cikin biyar, ka rubuta 1.5. Om 100, sulusi, ka rubuta 2. Om 150, rabi daidai, ka rubuta 3. Da ƙaramin ƙarfi na yi wannan, ƙofa a rufe.

Ranar Asabar da hantsi na jona eriya. Allura ta wuce 3. Da la'asar na sake gwadawa, ta sauko ƙasa da 2. Lahadi lafiya lau. Laraba da safe ta sake hawa. Na zargi sanyin Jos da tsuke waya, na zargi kuzar da ta rage a ƙarƙashin gida, har na fara tsara yadda zan bayyana wa duniya wannan bincike. Na kira Baba a waya ina zayyana masa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗana, daga ina kake magana?"

"Daga ɗaki."

"Fita ka kalli eriyar."

Zannuwa uku, kayan makarantar yara, da jallabiyata, duk suna ɗiga. Jiƙaƙƙen tufa a kan waya yana sa ta zama tamkar an ƙara mata tsawo, zangonta ya zame ƙasa. Iskar hunturu kuma kafin la'asar ta busar da komai, eriya ta dawo hayyacinta. Abin da ya tayar mini da hankali ma ba awon ba ne. Bakin waya irin wannan, in wat 100 na tafiya, yana ƙona fatar wanda ya taɓa.

Na yi wa uwargida bayanin duk wannan. Ta ce ita dai ta ga waya a tsakar gidanta, daidai tsayin hannunta, ba ta tsatsa, ba ta lotsawa. Na sayo gora biyu dogaye na ɗaga eriyar inda sai tsuntsu, na sayo mata igiyar shanya sabuwa, na cika jarka. Ta ja igiyar ta gwada, ta taɓe baki, ta ce ba ta kai waccan ba. Sannan ta tambaye ni yaushe zan ɗaura ta megahaz 7 ɗin da ta ji ina cewa mita 20 ce, don zannuwan gado sun taru.