Aljihu Sai Mai Gudu

Sai a 1984, a Los Angeles, aka bar mata suka yi gudun fanfalaki a gasar Olamfik, Joan Benoit ta lashe. Kilomita 42 da ɗoriya. Wannan an samu, rigimar aljihu ce ta ƙi ƙarewa.

Yanzu kamfanonin kayan wasanni na ɗinka wa mata 'yan gudu gajeren wando shafal, wanda iska kaɗan ta isa ta ɗauke shi daga igiyar shanya. Amma ga aljihun waya a cinya, ga mai zif a baya na makulli, ga wasu jere a ƙugu na 'yan ledojin zaƙi masu ƙara kuzari, wani ma har da gurbin gorar ruwa. Baiwar Allah ta biya kuɗin rashin nauyi, sannan ta yi masa lodi kamar a-kori-kura ranar kasuwa.

Abin haushin, namijin da ko ruwan sama ba ya sa shi sauri, kaftaninsa aljihu uku. Mace kuwa ta kai atamfa ta ce, "Malam, a sa mini aljihu," tela ya ce ai zai ɓata ɗinkin. Haka za ta ƙulle canji a bakin zane, waya a hannu, mayafi na zamewa.