Alƙalan Karnuka da Ire-irensu

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji Bahaushe, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Mutanen Birtaniya kare ne ya karɓe su, har suka kafa masa hukuma sukutum a 1873, wato Kennel Club, wadda ke rajistar haihuwar karnuka tana kuma kula da gasar kyansu. Babbar gasar ita ce Crufts, wadda wani mai tallar biskit ɗin karnuka, Charles Cruft, ya laƙaba wa sunansa a Landan a 1891. Yanzu a Birmingham ake yin ta duk watan Maris, kwana 4 cur, da karnuka wajen 20,000. Kuma duk karen da ya shiga fage, akwai mutum a tsaye da kwat da takalmi mai sheƙi yana jiran ya yanke masa hukunci.

Ba a kwana a tashi a zama wannan mutumin. Matakai 6 hukumar ta shimfiɗa. Kafin a kalle ka ma sai ka nuna shaidar shekara 5 kana cikin harkar. Daga nan ka zauna ajin dokokin alƙalanci, ka zauna ajin ƙirar jikin kare da tafiyarsa, ka yi kwanaki kana yi wa wani alƙali hidima a fage, ka ci jarrabawa a kan irin karen da ka zaɓa, manya uku su zauna da kai ɗaya bayan ɗaya suna yi maka bita, sannan a turo mai sa ido ya ga yadda kake yi. Sai a mataki na 4 ake ba ka ikon miƙa takardar da 'yan harkar ke kira tikiti. Karen da ya tara tikiti 3 daga hannun alƙalai 3 daban-daban ya zama gwarzo, 'ya'yansa sun yi daraja. Duk wannan ɗawainiya ana yin ta ne don minti biyu: ka buɗe bakin kare ka ga yadda haƙoransa suka haɗu, ka shafa kafaɗa da haƙarƙari da gadon baya, idan namiji ne ka kai hannu ka tabbatar marainansa biyu suna nan, sannan ka sa mai shi ya zaga da shi ka kalli tafiya. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo yana taya ragon layya ya san aikin, sai dai shi alƙali ba saye zai yi ba, kuma masu ragunan duka suna tsaye suna harararsa.

Wanda ya fi saurin haye matakan nan shi ne Mai Hadda. Kowane irin kare, cikin fiye da 200 da hukumar ta amince da su, yana da kundin siffa, takarda da ta faɗi yadda kunne da wutsiya da launi ya kamata su kasance, kuma da wannan takarda ake auna kare, ba da karen da ke kusa da shi ba. Mai Hadda ya haddace ta har da waƙafi. Ka tashe shi daga barci ka tambaye shi tsayin kafaɗar macen Labrador, zai faɗa maka ya koma barcinsa. Matsalarsa ɗaya ce: bai taɓa ganin kare gaba ɗaya ba. Kunne yake gani, sai gwiwa, sai wutsiya. Yakan ba da jan kati, wanda a can shi ne na ɗaya, ga karen da kowace gaɓa tasa ta dace da takarda amma idan ya taka sai ka ce gaɓoɓin aro aka haɗa masa.

Babbar abokiyar gabarsa ita ce Gwaggo, wadda ta shekara 40 tana kiwon iri ɗaya, kuma take ganin jarrabawar canki-canka cin mutunci ce a gare ta. A aji takan zauna a layin gaba, ta naɗe hannu, ta jira malami ya yi kuskure. "Yaro," takan ce, ko da malamin ya yi furfura, "lokacin da nake karɓar haihuwar kakan kakan wannan karen, kai ko igiya ba ka iya riƙewa ba." Gaskiyarta ce kuwa, kuma idan aka bar ni da zaɓi, hannunta na fi yarda da shi a kan haddar wancan. Yatsunta sun san kafaɗa mai kyau ko an lulluɓe ta da gashi. Amma Gwaggo tana da wani kare da ya mutu tun shekaru 30 da suka wuce, hotonsa na rataye a falo, kuma shi ne kundin siffarta na gaskiya. Duk karen da ya yi kama da marigayin ya ci. Idan aka bincika sai a tarar jikansa ne, ita ta sayar da uwar. Ba ha'inci take yi ba, ba ta ma sani ba. Karnukan gidanta kaf ƙafafunsu na baya sun ɗan karkace, don haka a idonta haka Allah ya halicci ƙafa. Laifi tudu ne.

Akwai kuma Dogarin Fage, wanda ya zo yin kwanakin hidima da doka ta wajabta, ya ɗanɗana, ya ƙi tafiya. Shi ke kiran lamba, shi ke jera masu karnuka, shi ke riƙe da katuna. Ya gano cewa a nan iko yake ba tare da zagi ba. Ana ce masa ya nemi mataki na gaba, sai ya ce bana dai tukuna.

Sai wanda kowa ke magana a kansa amma ba wanda ya taɓa amsa cewa shi ne: Mai Duba Fuska. Doka ta hana alƙali leƙa littafin sunayen karnuka kafin ya gama aiki, lamba kawai yake gani a jikin mai riƙe da igiya. To amma ba a rufe fuskar mai igiyar ba. Shi wannan alƙali idonsa yakan fara daga kan kare cikin ladabi, ya bi igiya a hankali ya hau, har ya isa inda yake so. Idan ya tarar da matar da za ta yi alƙalanci a wata mai zuwa, a gasar da shi ma zai kai nasa karen, nan take sai ya ga wani kyau a karenta da ba a lura da shi ba. Ba ni gishiri in ba ka manda. Masu son kare martabar harkar kan ce wannan lalacewar zamani ce, sai dai tarihi bai goyi bayansu ba. Gasar farko irin ta yanzu a Newcastle aka yi ta a 1859, da karnukan farauta 60, rukuni biyu, kyautar kuwa bindigogi. Karen da ya ci rukunin farko na ɗaya daga alƙalan rukuni na biyu ne, wanda ya ci na biyun kuma na wani alƙalin rukunin farko ne. Mai yiwuwa su ne suka fi kyau ɗin. Haka ma Mai Duba Fuska yake cewa har gobe.

Bayan an gama hukunci sai rubutu, domin a manyan gasa wajibi ne alƙali ya rubuta sharhi a kan na ɗaya da na biyu a kowane aji, a buga a jarida irin su Our Dogs da ke fitowa tun 1895. A nan ake gane Mai Lallashi. Ba ya iya ɓata wa kowa rai, don haka ya ƙirƙiro harshe nasa. Idan ya rubuta cewa kare yana da hali mai daɗi, to ba shi da komai sai halin. Idan ya ce yana buƙatar lokaci, ka tabbata lokacin ba zai zo ba. Idan ya ce ya ji daɗin ranarsa, nufinsa karen ya yi ta tsalle ya ƙi tsayawa. Ya ce an gabatar da shi da kyau, wato mai gyaran gashi ya yi ƙoƙari. Kishiyarsa shi ne Mai Neman Aibu, wanda yake shiga fage da fuska a murtuke. Doka ta ba alƙali damar hana kyauta idan ya ga ba wanda ya cancanta, shi kuwa wannan dama ita ce abin da ya fi so a duniya. Zai bar kare mai kyan gaske saboda haƙori ɗaya ya goce, ya ɗauki wanda ba shi da aibu don ba shi da komai. Ranar da wani ya rubuta irin wannan sharhi a kan nasa karen kuwa, wata uku ba ya gaisawa da mutumin. Wanzami ba ya son jarfa.

Mai Tara Iri shi burinsa mataki na 6, inda ake zaɓen gwarzon gwaraza daga rukunoni 7, don haka kowane ƙarshen mako yana wani gari yana zaman aji a kan karen da bai taɓa kwana gida ɗaya da shi ba. Yau ɗan mitsitsin Chihuahua da ake ɗorawa a tebur, gobe Great Dane da ya kai masa ƙugu. Irinsa ne ke haɗuwa da karen Azawak ya rikice. Wannan karen Abzinawa ne, daga kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali, mai gadin tanti da korar barewa, kuma kundinsa, wanda Faransa ke riƙe da shi a hukumar karnuka ta duniya, ya tanadi a riƙa ganin ƙashi da tsoka ta ƙarƙashin fata. Alƙalin da ya saba da ƙosassun karnukan Ingila sai ya shafa haƙarƙarin nan tausayi ya kama shi, ya miƙa jan kati ga wanda ya fi kitse a layin. Buzun da ke Tasara ta Nijar da zai ga wanda ya ci, tambaya zai yi ko karen ba shi da lafiya ne.

Akwai nau'i guda da dariyarsa ba ta da daɗi, shi ne Mai Son Ƙari. Kundi ya ce hanci gajere, shi kuwa a ganinsa wanda ya fi gajarta ya fi kyau. Kundi ya ce fata mai naɗi, sai ya zaɓi wanda naɗin ya rufe masa ido. Masu kiwo kuma abin da ke cin kati suke haifarwa, don haka son ran alƙali na bana shi ne jikin ɗan kwikwiyon baɗi. Haka aka yi ta ƙarawa har aka wayi gari da Bulldog da ba ya iya numfashi sosai, mafi yawan matansa ma sai an yi musu tiyata suke haihuwa. A 2003 wani Pekingese da ake kira Danny ya cinye Crufts baki ɗaya, aka ɗora shi a kan ƙunshin ƙanƙara wajen ɗaukar hoto don kada zafi ya illata shi. A 2008 BBC ta nuna wani shiri, Pedigree Dogs Exposed, da ya tona cututtukan da wannan son ƙari ya haifar, ta kuma daina nuna gasar. Hukumar ta gyara kundaye a 2009, sannan a 2012 ta sa likitan dabbobi ya duba waɗanda suka zo na ɗaya a iri 15 da ake damuwa da su. Guda 6 suka faɗi a Crufts ta wannan shekarar, har da Bulldog da Pekingese, bayan ƙwararrun alƙalai sun gama shafa su sun ce ba kamarsu. Waɗannan alƙalai duk manya ne. A ganina wannan ne aji mafi muhimmanci a duk karatun, kuma shi ne wanda ba a iya koyarwa da allo: mutum ya dubi abin da fage ke tafa wa, ya ce wannan dabba tana shan wahala.

Ɗan Wasa ba ya cutar da kowa, lokaci kawai yake ci. Ya riga ya san wanda zai ba tun shigowarsu, amma sai ya ja da baya, ya dafe haɓa, ya nufi wata baiwar Allah har ta fara murmushi, sannan ya juya a kan dunduniya ya nuna na bayanta.

Mafi yawa a cikinsu duka, kuma waɗanda ba su taɓa zaman aji ko ɗaya ba, su ne alƙalan bakin fage. Suna zaune a kujerun naɗewa da shayi a fulas da soyayyar hanta a aljihu, ga littafin sunayen da aka hana alƙali gani a buɗe a cinyarsu. Ba su taɓa karen ba, ba su ga haƙoransa ba, amma sun gama hukunci tun kafin a kira lamba. Wanda ya ci jan kati zai ce alƙalin nan ya san kare. Mai shuɗi, wato na biyu, zai ce ba laifi, amma an san dalili. Mai rawaya da mai kore, na uku da na huɗu, za su haɗu a wajen ajiye motoci su tuno wanda ya sayar wa alƙalin kwikwiyo shekara goma da suka wuce. Duk wannan a kan gasar da ko a Crufts kuɗin gwarzon gwaraza bai wuce fam 200 ba, kuma a ƙananan gasa alƙalin kansa sau da yawa abincin rana da kuɗin mai ne ladansa. Cikin waɗanda ke zaginsa a bakin mota, ba a rasa mutum biyu ko uku da suka riga suka biya kuɗin ajin dokokin alƙalanci na wata mai zuwa.