Agogon Tsakar Ɗaki

A gidanmu na Rimaye akwai agogon bango guda 5, kuma babu wanda ya yarda da maganar ɗan'uwansa. Biyu na biki ne, masu hoton ango da amarya. Ɗaya na wani ɗan takara ne da ya sha ƙasa tun tuni, amma har yau yana yi mana murmushi daga bango. Ɗaya tsarabar Makka ce, na biyar ɗin kuwa ba wanda ya san ta inda ya shigo gidan. Duk batir ya ƙare masu, kowanne ya tsaya a inda ajali ya riske shi. Wannan ne dalilin da nake ba mutane in sun tambaye ni abin da ya kai ni fasa daɓen ɗaki. Gaskiyar magana kuwa, son a sani ne.

Kawu ne ya hura wutar. Tun da ya dawo Umara ba shi da hira sai ta agogon Makka: bene mai tsawon mita 601, fuskar agogon mai faɗin mita 43, fitilu fari da kore ana hango su daga uwa duniya. Kullum in ya kai ƙarshen labarin sai ya dube ni ya ce, "Kai kuma da ake cewa malamin kimiyya, ko agogon kwali ba mu taɓa ganin ka yi ba." Rannan abin ya ci mani rai, na kwana ina juyi. Bene dai ba ni da shi, amma ƙasa Allah ya hore mani. Su sun kai nasu sama sai an ɗaga kai. Ni zan kwantar da nawa a tsakar ɗaki, mutum ya sadda kai kawai ya ga lokaci, abin da dama tarbiyyar Bahaushe ce.

A takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai. Akwai wata igiyar ƙananan fitilu da ake sayarwa, mai ƙwai 30 a kowace mita. In ka yanki mita 2 ka lanƙwasa, ka sami ƙwai 60 a da'ira mai faɗin santimita 64, kamar murfin tukunyar biki. Kowane ƙwai minti ɗaya ke nan. Jan haske ya nuna awa, kore ya nuna minti, shuɗi ya riƙa zagaye yana ƙirga daƙiƙa. Mai ba su umarni wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 don ɗalibai. A sama kuma gilashi mai kauri, daidai da daɓe, a taka a wuce. Wuta daga batirin solar gida.

Na shiga mota ta Tsanyawa da Bichi, na sauka Kano, na nufi Sabon Gari. Mai shagon da ya haɗa mani kayan ya ɗauko wani ɗan ƙaramin abu mai batir kamar kwabo, ya ce in haɗa da shi, shi ne ke riƙe lokaci in wuta ta ɗauke. Na ɗauka irin cusa kayan 'yan kasuwa ne. Na ce masa ya bar abinsa, ni malamin kimiyya ne. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Malam," ya mayar cikin kwali. Gilashin kuwa a cinya na rungumo shi har gida, fasinjoji suna ta tambaya ko hoton wani mamaci ne zan sa.

Watan Fabrairun 2024 ne, lokacin da buhun siminti ya haura ₦10,000, masu hankali duk sun dakatar da gini. Magini ya karɓi zanena ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Malam, rijiya ce ko masai?"

"Agogo ne."

"A ƙasa?"

"A ƙasa."

Ya yi shiru, sannan ya ce kuɗin aikinsa a hannu yake so, don irin wannan aikin ba ya yin sa bashi.

Simintin sama bai ba shi wahala ba. Ƙarƙashinsa ne ya tarar da tsohon daɓe, ja wur, diga tana sauka tana tsalle. Ƙarar ce ta fito da Goggo daga ɗakinta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana salati, ta ce da hannunta ta daɓe ɗakin nan lokacin da za a kawo mahaifiyata: matan unguwa suka taru, aka zuba tsakuwa, aka yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, aka wuni ana dukan ƙasa da madaɓi ana waƙa har hannu ya yi kanta. "Shekara da shekaru ko ɓera bai huda shi ba," in ji ta, "sai da Allah ya kawo mu zamanin ɗan boko."

Rigima ta biyu a kan lambobi aka yi ta. Don ƙawa, na rubuta 1 zuwa 12 da fenti a jikin gilashin, da irin lambobin da ke cikin littattafan Larabci. Goggo ta leƙa ta ja da baya kamar ta ga maciji.

"Rubutun Alƙur'ani za ka shimfiɗa a ƙasa a riƙa bi ta kai da ƙazamar ƙafa?"

Na ce ba ayoyi ba ne, lambobi ne, asalinsu ma daga Indiya Larabawa suka samo su. Ta ce ko daga birnin Sin suke, ita dai ba ta ƙara shiga ɗakin sai an kankare. Na sa reza na kankare. Na so in maye su da lambobin boko, sai na ga zai yi kama da agogon asibiti, na bar shi fili kamar agogunan hannun masu kuɗi.

Ranar buɗewa, bayan isha'i, ɗakin ya cika. Maƙwabta, almajirai, har da mai shayin bakin titi da ya bar tukunyarsa a hannun yaro. Kowa ya sami wuri ya zauna, an kewaye gilashin kamar za a ci tuwon suna. Na kashe fitila, na danna makunni. Wallahi ya yi kyau. Shuɗin nan ya kama zagaye, yara suka sa ihu, wani dattijo ya ce "Ikon Allah!" Na tsaya a bakin ƙofa, ƙirjina kamar ya fashe, na sanar cewa ƙarfe 8:10.

"2:40," in ji Kawu daga can ƙuryar ɗaki.

Na zaune a gefe ɗaya suka ce su 11:25 suke gani. Na ɗaya gefen suka rantse 5:55 ne. Sai a lokacin abin ya faɗo mani. Agogon bango yana da sama da ƙasa, don bango ya riga ya raba gardama. 12 tana wajen rufi ko ka so ko ka ƙi. Abin da ke kwance a ƙasa kuwa samansa yana inda ka sa gabanka, ni kuma na kankare lambobin da za su sasanta mu. Kawu ya gyara zama ya ce, "Wanga ai ya fi na Makka. Wancan fuska huɗu gare shi amma magana ɗaya yake yi. Naka fuska ɗaya, magana huɗu."

Na kafa doka cewa duk mai son ganin lokaci ya je bakin ƙofa ya fuskanci gabas, don can na sa 12. Dokar ba ta kwana biyu ba Kawu ya tayar da nafila a ɗakin, ya ga jan haske yana ci a gabansa ta wajen alƙibla. Da ya sallame ya ce shi iyayensa ba su bauta wa wuta ba, a kawo tabarma. Aka shimfiɗa tabarma, kuma tun daga ranar ba ta ƙara tashi da son ranta ba.

Nan ne na gane babban kuskuren, wanda ba na waya ba ne, ba na lissafi ba. Na tsara agogon kamar na gidan da mutanensa ke zaune a kujeru, tsakar ɗakinsu fili fetal ba mai amfani da ita. Mu kuwa tsakar ɗaki ita ce gidan. A nan ake ajiye kwanon tuwo a kewaye shi. A nan baƙo ke zama a gaisa, a nan ake salla, a nan yara ke kwanciya rub da ciki suna aikin makaranta, a nan ake ɓarar gyaɗa, in zafi ya yi kuma a nan ake kwana. Duk gidan babu taku ɗaya da ya fi wurin da na zaɓa cunkoso. Kafin ka ga lokaci sai ka tada mutum, ka janye kwano, ka naɗe tabarma, ka koma bakin ƙofa ka fuskanci gabas. Goggo kuma, wadda ta yi rantsuwar ƙaurace wa ɗakin, ta gano cewa gilashin yana da sanyi da rana, ta mai da shi wurin zamanta.

"Goggo, ɗan muskuta in ga lokaci."

Ba ta ko motsa ba. Ta leƙa tsakar gida ta dubi inuwar katanga. "Azahar ta yi. Tafi masallaci."

Ina sa takalmi ladan ya kira.

Da dare kuma hasken yana ratsa saƙar tabarma, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ja da kore, ga shuɗi yana walƙiya. A garin da sunansa ma jam'in rimi ne, kuma kowa ya san su wa ake cewa suna kwana a rimi, ba a buƙatar dogon bayani. 'Yan sintiri suka ƙwanƙwasa mani ƙofa sau biyu. Wata safiya kuma wata baiwar Allah ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye ƙwai 6 a gabana.

"An ce Malam yana duba a ƙasa."

"Lokaci nake dubawa, Hajiya."

"Yauwa. A duba mani lokacin da maigidana zai dawo daga Legas."

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Na tara iyali na ce bana ba ruwanmu da yaran da ke buga galan suna tada mutane sahur, na sa mai ɗakina ta kashe ƙararrawar wayarta, don ina so agogon ya nuna kansa. Kwana 3 lafiya lau. A dare na huɗu ta tashe ni ta ce jikinta yana ba ta lokaci ya yi. Na je na ɗaga tabarma, na koma bakin ƙofa, na fuskanci gabas: 2:00 daidai. Na ce ta koma ta kwanta, jiki ba na'ura ba ne. Ban daɗe da mai da kai matashi ba muka ji assalatu.

Abin da ya faru shi ne fanka ta kwana tana zuƙar tsohon batirinmu, can wajen 3:00 wuta ta ɗan yi ƙasa, allon ya suma ya farfaɗo. Shi kuwa bai san lokaci ba, ƙirga kawai ya iya; duk sa'ad da ya farka sai ya ɗauka 12:00 ce, ya fara daga nan. Ɗan abin nan mai batir kamar kwabo, wanda na bari a Sabon Gari, aikinsa ke nan. Mutum 9 muka yi ɗore a zafin bazarar Katsina, har da Goggo. Wunin ranar ba wanda ya zage ni, don kowa yana tsoron azuminsa, amma kallon da aka riƙa yi mani ya fi zagi. Da magariba mai ɗakina ta raba wa kowa kunu da ƙosai, ni ta zo kaina a ƙarshe.

"Malam, kai ma yanzu za ka sha ruwa, ko sai agogonka ya ce?"

Bayan salla na koma Kano. Mai shagon yana hango ni ya miƙe. "A'a, malamin kimiyya! Sannu da zuwa." Bai ko tambayi abin da ya kawo ni ba, ya ɗauko kwalin. Kuɗin ya ƙaru.

Daga nan agogon ya yi aiki tsaf har wajen mako 6, ƙarƙashin tabarma, ba mai ganinsa. Sai damina ta sauka. Danshi ya taso daga ƙasa, raɓa ta lulluɓe gilashin ta ciki, lokaci ya koma kamar ana hango shi cikin hazo. Daren da shinge suka fito, duk na unguwar a ɗakina suka yi taro, kwaɗi suka biyo su, kunama ta biyo bayan kowa. Wani kwaɗo ya bi ta bututun waya ya tare a ciki, wajen ƙarfe 7. Sannan ƙwai na 23 ya mutu. Irin wannan igiyar kowane ƙwai shi ke miƙa saƙo ga na gaba da shi, saboda haka duk na bayansa suka yi duhu. Agogon ya koma yin aikin minti 22 a kowace awa, daga ƙarfe 5 kuma jan hasken awa ya tashi daga aiki gaba ɗaya, kamar wasu da na sani.

Gara ce ta rufe shafin. Katakon da gilashin ke zaune a kai ta cinye shi ta ciki, ta bar fenti kawai. Wani dare cikin Agusta Kawu yana zaune a kai, ya yi bisimilla ya kai loma ta farko, sai gefe ɗaya ya nutse. Kawu ya kishingiɗa ba shiri, ƙafa ɗaya a sama, kwanon miyar kuka ya sulale ya juye cikin ramin. Aka ji tas, tas, hayaƙi ya taso da ƙamshin daddawa. Kwaɗon ya fito ta gefen Kawu ya nufi ƙofa abinsa.

Washegari na kira magini ya zo ya cike ramin. Ya leƙa, bai ce komai ba, sai dai ya nemi kuɗinsa a hannu kamar wancan karon. Ya tambaya ƙarfe nawa zai zo gobe. Na buɗe baki ke nan Goggo ta riga ni, ta ce ya zo da hantsi, in inuwar katanga ta bar turmi. Ya ce in sha Allahu ko minti ɗaya ba zai ƙara ba.

Bayan kwana 9 ya zo.